Allurar 'Yan Rakiya

Kun ce aikina tsire ne. Na ji ku, ba sai kun sunkuyar da kai ba. Ranar da kuka zo ganin ɗakin nan, ku ɗaliban aikin jinya, ɗaya daga cikinku ta raɗa wa ta kusa da ita cewa abin da Sista Rabi ke yi bai wuce na mai tsire ba: a soka, a jera, a koma gefe a jira. Ni ce na yi ritaya, kunnuwana suna nan bakin aiki. To tunda kun kalli bidiyo biyu a waya kun zama gwanaye, ku gyara zama in gaya muku yadda ake wannan tsiren, mu ga ko a cikinku akwai mai iya ko da hura wutar.

Shekara talatin na yi ina aikin jinya a asibitin gwamnati. Ina ajiye aiki sai ga 'yan Caina sun zo wani aikin gini wajen Kalambaina, sun buɗe ɗan ɗakin shan magani a sansaninsu, suna neman nas mai jin Hausa da Turanci. Zaman gida ya riga ya ishe ni, har na fara yi wa kaji faɗa, don haka na tafi. Likitarsu wata tsohuwa ce gajeruwa mai furfura, sunanta ya gagari harshen kowa, leburori suka sa mata Goggo. Ita ta koya mini allurar nan tasu siririya wadda ba ruwan magani a cikinta. Turancinta bai kai cikin cokali ba, Hausarta kuwa "sannu" ce da "a'a", amma da su ta yi shekara uku tana juya ni.

Aiki na farko da muka yi tare, wani direban tifa ne ya zo da ciwon baya. Goggo ta kama wuyan hannunsa da yatsu uku ta rufe ido, sannan ta ce ya fito da harshe, don a wajensu harshe da bugun jini su ke fara ba da labarin mutum. Ya fito da shi ja wur. Goggo ta ja da baya, ta ɗauko wani littafi mai kauri tana buɗawa. Na biyu ya shigo, ja wur. Na uku ma haka. Kafin azahar ta sa takunkumi biyu a fuska tana neman a kira shugaban sansani, ta tabbata annoba ta shigo Sakkwato. Na fita bakin ƙofa na sayo goro ɗaya, na ɓare na ba ta. Ta tauna, fuskarta ta tattare wuri guda, ta ruga gaban madubi ta fito da nata harshen. Ranar na fara jin dariyarta. Daga nan ta kafa doka kowa sai ya kurkure baki kafin ya shigo, ni kuma na koyi tambayar mutum abin da ya ci kafin in tsorata da abin da na gani.

Wata shida ban taɓa allura ba, sai kallon harsuna da jin bugun jini, har na kai in ina gaisawa da mata a biki sai in tsinci yatsuna a wuyan hannunsu. Bayan nan ta ba ni sabulu in dinga sokawa. Daga sabulu sai lemo, daga lemo sai takarda ninki goma, allurar ta shige ba ta lanƙwashe ba. Da na ce to yanzu sai mutum, ta ce a'a, ta nuna ƙaurina. Wanda bai ji allura a jikinsa ba, in ji ta, ba shi da izinin soka wa ɗan wani. Watanni ina zama da zane a naɗe zuwa gwiwa ina sokar kaina, ita tana gefe tana cin gyaɗa, in na kuskure wuri ta buge mini hannu da biro. Ni da na yi wa rabin garin nan allurar zazzaɓi, ga ni da jikoki ana dukana da biro.

Da suka gama aikinsu suka tafi, na buɗe ɗakin nan a Runjin Sambo, na mata zalla. Kayan aikin ga su kuna gani. Allura kowace a rufe cikin takardarta, sirinta kamar gashin wutsiyar doki, sau ɗaya ake amfani da ita a jefa cikin kwalin can mai ruwan ɗorawa. Duk wadda ta ce muku tana dafa tata ta sake amfani da ita, ku ɗauki takalmanku. Sai auduga, da sifirit, da safar hannu, da agogo, da fanka mai caji, don a zafin garin nan ba mai kwanciya rabin awa ba motsi sai da iska. Sai kuma mutum-mutumin roba da Goggo ta bar mini, mai ɗigo-ɗigo a duk jiki da ke nuna wuraren sukar. Tsirara ya zo. Maƙwabta suka leƙo suka ce Sista ta koma tsafi, dole na kai wa tela ya ɗinka masa riga da hijabi, shi ya sa kuke ganinsa a kan kanta kamar mai jiran a ɗaura masa aure.

Abin da ba a nuna muku a bidiyo shi ne, a garin nan ba macen da za ta shigo ta ce raina ne ba daɗi. Sai dai ta ce kaina ya yi nauyi, ƙirjina na zafi, jikina ba ƙwari, barci ya ƙaurace mini. Sai ki sa allura a wuyan hannu, da tsakanin gira, da tsakar kai, da kunne, da ƙauri, ki rage hasken taga, ki duba agogo. Jiki yakan saki, wasu har munshari. Amma kada wata ta fita daga nan ta ce na ce allura kaɗai na warkar da ciwon damuwa. Taimako take yi. Wadda ke jin muryoyi, ko ta ce ta gaji da duniya, a ranar nake rubuta mata takarda zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa, in ta kama in raka ta da ƙafata. Wadda kuma likita ya ɗora a kan magani, ba na taɓa ta sai na ga kwalin na tabbatar tana sha.

Sauran aikin faɗa ne, kuma nan na fi ƙwarewa. Ba shayi ba goro bayan la'asar. Bayan sallar asuba a zaga tsakar gida ko a taka zuwa gidan 'yar'uwa kafin rana ta yi zafi. A ajiye waya nesa da shimfiɗa. A ci zogale, da wake, da kifi, a sha nono. Ƙwayoyin ƙarin kuzari kuwa, irin su man kifi da ƙarin jini da bitamin, sai an yi gwaji an ga abin da ya ragu. Wata ta taɓa zuwar mini da jaka cike da kwalabe goma sha ɗaya da surukarta ke tallarsu, kowace an ce tana maganin komai, daga basir har mantuwa. Tana haɗiyarsu da shayi mai kauri kofi uku bayan isha'i, tana mamakin wanda ya yi mata asirin hana barci. Na karɓe jakar, na hana shayin, ban ko buɗe allura ba. Bayan mako ta dawo tana gaya wa mutane hannuna akwai baraka.

Muguwar shekarata ta fara ne wata Litinin cikin bazara, ba wuta, fankar ma cajinta ya ƙare. Wata Hajiya daga Ƙofar Marke ta zo da ciwon kai, tare da maƙwabciyarta 'yar rakiya. Na tambaye ta ko ta karya, ta ce alhamdu lillahi. Ashe azumin nafila take yi, kun kuwa san mutanenmu, ba a tallar nafila kada lada ta zube. Allura ta huɗu na shiga idonta ya juye, ta sulale. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai yunwa. Na zare alluran, na ɗaga ƙafafunta, na shafa mata ruwa. Ina juyowa in ce wa 'yar rakiya ta miƙo mini mafici, sai takalmanta kawai na gani a bakin ƙofa.

Minti biyar Hajiya ta farfaɗo. Na lallashe ta ta karya azumin da kunu, ta huta sosai, na tare keke na raka ta gida. Muna shiga lungunsu muka ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun jeru, an aika kasuwa sayen likkafani. Hajiya ta ce, "Wa yar rasu?" Kowa ya daskare. Ta kutsa cikin gida ta yi sallama. Mata suka watse, wata ta bar goyo, wata ta shige bayan randa tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Akwai wata tsohuwa da ta shekara uku tana jan gindi saboda ciwon gwiwa, ita ta riga kowa kaiwa zaure a guje. Har gobe ina lissafa ta cikin waɗanda na warkar.

Mun yi dariya ranar, amma ni dariyar ba ta kai ni ko'ina ba. Labari ya zaga cewa Sista ta kashe mace da allura ta kuma tashe ta, kuma ba a san wanne ya fi ban tsoro ba. Kusan shekara ɗakin nan ba mai shigowa sai ƙadangaru. Allurai kwali-kwali suka lalace a ajiye, na koma ƙulla zoɓo ina sa wa a firji. Na ji haushi ƙwarai, kuma na ji kunya, don laifin farko nawa ne da na karɓi alhamdu lillahi a matsayin amsa. Yanzu sai na ce me kika ci, ƙarfe nawa, da wane cokali.

A zaman banzan nan na gane abu na biyu: ba allura ce mai haɗari a sana'ar nan ba, 'yar rakiya ce. Mace ba ta zuwa ita kaɗai, sai da yaya ko goggo ko uwar miji, kuma ita 'yar rakiyar ke amsa kowace tambaya, ita ke kai labari gari. Korarta rashin kunya ne. Sai na sa kafinta ya raba ɗakin da katako, na sa gado na biyu, na ce duk wadda ta rako mara lafiya tana da allura kyauta, ladan rakiya. Wa ke ƙin kyauta? In ta kwanta sai in sa mata a hannu biyu da goshi, in ce allurar nan ba ta son motsi, ba ta son magana. Rabin zancen gaskiya ne. Da haka nake samun rabin awa ni da mai ciwon, kuma da haka mata suka dawo, wasu ma har neman wadda za su raka suke yi.

Dabarar ba ta taɓa ba ni kunya ba sai a kan Adda Kulu. Wata safiya cikin watan Sha'aban ta shigo, doguwa mai murya, tana jan ƙanwarta Dije a baya. Dije za ta yi shekara hamsin, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu, idonta a ƙasa. Mai suyar masa ce a nan unguwar, na ma san masarta.

"Sista, ƙanwata ta," in ji Adda Kulu tun kafin ta zauna. "Ba ta kwana, ba ta ci, wata takwas ba ta hasa wuta ƙarƙashin tanda ba. Mun tahi asibiti anka ce olsa ta, munka koma anka ce taihot. Rubutu ta sha hat ta gaji. Ni dai na ce iska na."

Na ce, "Dije, ina ke miki ciwo?"

"Kai na, da ƙirji," in ji Adda.

"Dije, yaushe abin ya fara?"

"Bayan Sallah babba."

"Dije, yanzu haka me kike ji a ranki?"

"Ba ta jin komi," in ji Adda.

Nan na gane yadda aka yi aka sha maganin olsa da taifot. Duk likitan da suka je, Adda ya duba, Dije ya ba magani. Sannan Adda ta rage murya, wato ta dawo daidai muryar sauran mutane, ta ce Dije ta fara fita da sassafe tana tsayawa bakin titi tana kallon masu baburan kabu-kabu, sai an je an jawo ta. Mijinta da 'yan'uwa sun yanke shawara, in aka ga watan azumi ba ta gyaru ba, ƙauye za a kai ta a rufe a ɗaki kada ta ja musu abin faɗa. Saura mako uku. Na san irin ɗakin nan, na kuma san ba kasafai ake fitowa daga cikinsa da hankali ba. In Dije ba ta buɗe baki ta faɗi abin da ke cinta ba, ba likitan da zai iya mata komai, balle ni.

Na yi wa Adda tayin ladan rakiya, ta ce ita lafiyarta lau. Ta ja kujera ta zauna a kan Dije, ina suka tana sharhi. Zuwa na biyu ma haka. Ranar ina riƙe da wuyan hannun Dije ina jin bugun jininta, raunanne, a hankali, Adda tana ta zuba.

"Ni abin da ka ba ni mamaki, Sista, ni da anka yi ma mutuwa ban kwanta ba. Ɗana Haliru, mota ta buge shi bisa babur bayan Sallah babba. Tun yaye shina hannuna. Ni na yi haƙuri, ita da ba abin da yas same ta ta bi ta lalace."

Na ce, "Allahu akbar. Adda, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Ina faɗa ina jin jinin Dije ya tashi a ƙarƙashin yatsuna yana bugawa da sauri. Fuskarta ko gezau. Na ƙara cewa, "Haliru ko?" don in tabbatar, ya sake zabura. Tun yaye yana hannunta, in ji Adda. To kafin yayen fa, a hannun wa yake? Sai na ji kunya ta rufe ni, don ni ma ga shi na tsallake Dije na yi wa Adda gaisuwa.

Zuwa na uku saura kwana tara a ga wata. Na shirya wa Adda. Suna shigowa na ce, "Adda, na daina yi miki tayi. Na lura tsoro kike ji, kuma ba laifi, ba kowa ke da zuciyar ba."

Ta ajiye jaka. "Ni? Ni Kulu, da wanzami yac cire min haƙori ina ba shi labari? Ina gadon yake?"

Ta haye ta miƙe. Na sa mata a hannu biyu, da ƙafa biyu, da tsakanin gira, na ƙara biyu a kunne don kada a ce na yi rowa. Na ce ba motsi, ba magana, in ba haka ba aikin ya ɓaci. Ta ce, "Uhm." Na zagayo bayan katako ina jin daɗi kamar wadda ta ci gasa.

Na sa wa Dije nata, na ja kujera na zauna kusa da kanta. Minti goma ban ce komai ba. Wannan shirun shi ne abin da ya fi wuyar koyo a sana'ar nan, ni ma da bakin nan nawa sai da na sha wuya. Sannan na ce a hankali, "Dije, wa ya haifi Haliru?"

"Ɗan Adda na," ta ce. Ranar na fara jin muryarta.

"Na ji. Wa ya haife shi?"

Hawaye ya gangaro ya shige kunnenta. Ta ce, "Ni."

Ku 'yan yanzu da kuke rungume ɗan fari a gaban surukai kuna ɗaukar hoto, ba lalle ku san nauyin abin ba. A gidajen su Dije uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san yana wurin. Ana yaye shi yaya ko kaka ta ɗauka, ya zama nata. Kunya ce, kuma ana yabon mace da ita. Dije ta riƙe tata kunyar da kyau, har kowa ya manta.

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kiran sunanai ba," ta ce. "Kullum da sahe shina zuwa bisa babur. Masar hwarko tashi ta, in aje mai ƙarƙashin hwaihwai in juya baya. Shi ce, Dije na ɗauka. Ban taɓa amsa mai ba. Ran da yar rasu mata sunka cika ɗakin Adda, ni anka ba tukunya. Kwana bakwai ina tuƙa tuwon masu gaisuwa. Ba wanda yac ce min ƙaƙa haƙuri." Ta juyo ta kalle ni. "Ba hauka ni kai ba, Sista. Na san ya mutu. Lokacin zuwanai ɗai in ya yi, sai in gan ni bakin titi. Kuma in na hasa wuta na zuba ƙullu, ta hwarko wa za ni ba?"

Na riƙe hannunta kawai. Can sai muka ji murya daga bayan katako, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Sista, zo ki zare min abin ga."

Na ɗaga kai na ga abin da na shekara ina gani ban lura ba: katakon bai kai silin ba. Sauran 'yan rakiya barci suke yi, shi ya sa asirina bai taɓa tonuwa ba. Adda Kulu kuwa an hana ta magana karon farko a rayuwarta, sai ta yi saurare. Na tafi ina cewa yau na jawo wa baiwar Allah abin da ya fi ƙauye. Na zare na hannu da na ƙafa da na kunne. Ba ta jira na goshin ba, ta sauko, ta zagaya, allura na rawa a tsakanin girarta. Ta durƙusa a gaban gadon ƙanwarta, gwiwa biyu a ƙasa.

"Dije," ta ce, "ƙaƙa haƙuri?"

Dije ta rufe fuska da mayafi.

"Allah shi jiƙan ɗanki. Ni riƙo niy yi, ke kinka haihe shi. Wata takwas ina amsar gaisuwakki, wallahi ban sani ba. Ki yahe min."

Kukan da Dije ta yi ranar har mai shagon gefe sai da ya aiko a ji ko lafiya, na ce a gaya masa wannan karon ba wanda ya mutu a hannuna. Na bar su har suka gaji, sannan na lallaɓa na zare allurar goshin Adda, ita ta ma manta da ita.

Washegari na kai Dije wajen likitan ƙwaƙwalwa. Adda ta rako mu, amma da muka isa ƙofa ita da kanta ta nemi benci a waje ta zauna. Dije ta yi bayani da bakinta. Aka ɗora ta a kan magani, aka sa mata ranakun dawowa a yi hira, gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa aka haɗa mata da ƙarin jini. Ni kuma na ci gaba da allura sau biyu a mako, da faɗan cin abinci, na ce fitar safen nan kada a hana ta, a dai samu mai taka mata su zaga su dawo. Barci bai dawo rana ɗaya ba, sai da aka sha Sallah ya fara zama. Zancen ƙauye kuwa Adda ce ta je ta sami mazan, ban san me ta gaya musu ba, na dai ji an ce mijin Dije ya yi kwana biyu yana cin abinci a zaure. Ni ma na kira magini ya cire katakon ya ja bulo har sama.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin azumi Adda ta bi gida-gida a Runjin Sambo tana gayyar mata ɗakin Dije. Wasu suka ce ai ba a zaman makoki bayan wata takwas. Ta ce ba zaman makoki ba ne, gaisuwa ce aka kai gidan da ba shi ba, za a maido ta inda ta dace. Na rufe ɗakin nan da la'asar na tafi.

Na tarar da takalma har bakin zaure. Dije na zaune a kan tabarma a tsakiyar ɗakinta, mata na shiga ɗaya bayan ɗaya. Adda kuwa na tsakar gida gaban tukunya, ta ci ɗamara tana tuƙa tuwo, gumi har haɓa. Da ta gan ni ta biyo ni da muciya a hannu ta tsaya bakin ƙofa. Na durƙusa na ce, "Dije, ya haƙuri?"

Adda ta buɗe baki, har ta ja numfashi, sai ta cusa gefen mayafinta a ciki ta cije.

"Da godiya, Sista," in ji Dije.

Na ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin," ta ce. Ta kalli tabarma. "Allah shi jiƙan Haliru."

A hankali ta faɗi sunan. Sai ta ɗaga kai ta sake faɗa.